GPS na babbar mota: a sayi na'ura ko a riƙe waya?

Direban da ya daɗe yana jan tirela daga Dawanau zuwa Mile 12 ba ya buƙatar wata na'ura ta gaya masa cewa daga Mokwa sai Jebba. Hanyar a kansa take. Inda gizo ke saƙa shi ne kilomita goma ko ashirin na ƙarshe: an ba ka lodin wani kamfani a Agbara ko Ikorodu, ba ka taɓa zuwa ba, magariba ta yi, mai karɓar kayan kuma ba abin da yake cewa a waya sai "ka miƙe kawai". Sai kuma ranar da ruwa ya cinye titi ko gada ta karye, aka ce kowa ya nemi zagaye. A irin waɗannan ranaku ne zancen GPS ke tashi a tasha, baki kuma ya rabu. Wasu su ce wayar aljihunka ta isa. Wasu su ce a'a, akwai na'urar da aka ƙera don manyan motoci kawai, ta san tsayin kowace gada. Mai mota kuwa, da zarar ya ji an ce GPS, tiraka yake nufi, wadda zai riƙa ganin inda motarsa ta kwana.

Kafin a shiga awo, akwai abin da masu sayarwa ba su cika fayyacewa ba, alhali shi ne ke raba gardamar.

Abu uku ne a dunƙule

Na farko, siginar tauraron ɗan adam. Taurarin GPS na gwamnatin Amurka ne, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200, kuma na'ura na buƙatar ta kama aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Wannan kyauta ne. Ba ya cin data, ba ya neman layi. Wayoyin yanzu da dama ma suna haɗawa da taurarin Rasha da Turai da Sin, wato GLONASS da Galileo da BeiDou. A wannan fanni, waya mai kyau da na'urar dala 900 kunnen doki suke yi.

Na biyu, taswira: tituna, sunayen garuruwa, gidajen mai. Ko dai tana ajiye a cikin na'urar, ko kuma ana jawo ta ta intanet kana tafe.

Na uku shi ne ake biya wa kuɗi: bayanan manyan motoci. Tsayin gadar da za ka bi ta ƙarƙashinta, nauyin da wata gada ke ɗauka, titin da aka hana tirela, inda aka hana mai ɗauke da fetur ko gas, gangare mai haɗari. Wannan ba daga tauraro yake saukowa ba. Mutane ne ke aunawa, hukuma ta rubuta, kamfanin taswira ya tattara. A Amurka da Turai an yi aikin sosai domin dole ce ta sa: a Birtaniya kaɗai motoci na dukan gadojin jirgin ƙasa sama da sau 1,500 a shekara. A yankinmu kuwa ɗan abin da aka tattara bai taka kara ya karya ba. Gadoji nawa ka taɓa gani da allon da ya rubuta tsayinsu? Abin da ba a rubuta a jikin gada ba, da wuya ka same shi a cikin na'ura.

Don haka tambayar farko ba "wace na'ura ce ta fi kyau" ba ce. Tambayar ita ce: a wace ƙasa motar take aiki?

Ma'aunan da za a bi

Sanin girman mota. Kana iya shigar da tsayi, faɗi, nauyi da irin kayan da ka ɗauko? In ka shigar, taswirar ƙasarka na da bayanin da za a gwada da shi? Kwantena ta yau da kullum tsayinta mita 2.59 ne, doguwar kuma 2.90. Ka ɗora doguwar a kan tirela, ka haura mita huɗu ke nan. Mai lodin albasa ko buhunan gawayi da aka tula har sama, shi ma ya san motarsa ta fi yadda kamfani ya ƙera ta tsawo.

Aiki inda babu sabis. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Ko ba a katse ba, akwai dazuzzukan da waya ke zama madubi kawai. Wanda ke tsallaka iyaka ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, shi ma datarsa kan mutu ko ta yi tsada da ya ƙetare.

Labarin hanya na yanzu-yanzu: cunkoso, hatsari, titin da aka rufe.

Juriya. Gilashin tirela a watan Afrilu ba wasa ba ne, ga girgizar ramuka, ga ƙurar hunturu da ke toshe ramin caji. Ga kuma wuta: DAF, MAN, Mercedes da Howo bolt 24 suke amfani da shi, ba 12 na ƙaramar mota ba.

Sauƙin aiki: girman allo, ƙarfin murya a kan ƙarar inji, da yadda za ka shigar da wurin da aka turo maka.

Sai kuɗi, na saye da na bayan saye. Sai kuma haɗari, wato irin ɓarnar da abin zai jawo ranar da ya yi kuskure.

Google Maps a waya

Shi kowa ke da shi, kuma a garuruwan Najeriya babu wanda ya kama ƙafarsa wajen sanin wurare. Sunan kamfani, sito, gidan mai, masallaci, wurin fakaneza, galibi za ka samu. Jan layin da yake nunawa a titi idan an yi cunkoso yana fitowa ne daga wayoyin mutanen da ke kan titin a lokacin, shi ya sa a Legas da Abuja da Kano, inda wayoyi suka yi yawa, bayanin kan yi daidai. Tun 2019 ma an sa masa murya mai Turancin Najeriya. Babban abin da ya fi kowa da shi a wurin ɗan kasuwa shi ne wannan: mai kaya ya turo maka inda yake ta WhatsApp, ka taɓa, taswira ta buɗe. Shi ke nan.

Aibinsa ɗaya ne, amma babba. Bai san kana jan tirela ba, kuma babu inda za ka gaya masa. A wurinsa kai mai Corolla ne. Da ya hango cunkoso a gaba sai ya ce ka karya dama, ka shiga wani layin unguwa don ka rage minti bakwai. Ka shiga, layin ya tsuke, wayoyin wuta sun sauko har saman bodi, kwalbati ba zai ɗauki tan talatin ba, gaba kuma kwana ce da ko motar bulo sai ta yi ribas sau biyu. Nan za ka tsaya, yaron mota na baya yana ta bugun bodi, 'yan unguwa sun taru, kowa na ba da shawara. In a Legas ne, kafin ka fita jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar, sun iso.

Haka kuma bai san dokokin da suka shafe ka ba. Dokar hanya ta jihar Legas ta 2012 ta taƙaita zirga-zirgar tirela a cikin birni daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare, ban da tankokin mai. Bayan kwantenar da ta faɗo kan motar fasinja a Ojuelegba a Janairun 2023, an kafa shingen ƙarfe don hana manyan motoci hawa gadar. A 2020 gwamnatin jihar Neja ta hana manyan motoci bin hanyar Minna zuwa Bida. Duk waɗannan, a idon Google Maps hanya ce buɗaɗɗiya tunda ƙaramar mota na wucewa. Lokacin isowa da yake rubutawa shi ma na ƙaramar mota ne. Kai da ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta ce kada tirela ko tanka ta wuce kilomita 60 a awa a babban titi, kar ka kuskura ka yi wa mai kaya alkawari da lissafinsa.

Akwai dabara biyu da ke rage matsalar. Ta ɗaya, kar ka bar shi ya zaɓa maka hanya. Yana karɓar zango har tara a tafiya ɗaya, sai ka jera masa da kanka: Kaduna, Suleja, Bida, Mokwa, Ilorin, Ogbomosho, Ibadan. Dole ya bi inda ka ce. Ta biyu, kafin ka shiga gari ka tsaya, ka juya taswirar zuwa hoton sama, ka duba faɗin titin da ƙofar da manyan motoci ke shiga. Sau da yawa alamar da aka sa wa kamfani a kan ƙofar ofis take, ƙofar lodi kuma tana ta bayan katanga.

Ana iya sauke taswira don amfani ba intanet, sai dai yanki-yanki ake yanka ta, kuma Kano zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000 ko fiye gwargwadon hanyar da ka bi, sai ka sauke yanki da yawa. In babu sabis zai nuna hanya amma babu labarin cunkoso. Kuɗinsa data ce kawai, ba kuma mai yawa ba in ba ka bar hoton sama a kunne ba.

Waze, wanda shi ma Google ta saya a 2013, ban ga dalilin da direban tirela zai dogara da shi ba. Ya fi Google Maps son ratse ta lunguna, kuma ba ya tafiya sai da data.

OsmAnd: taswirar da ke zaune a cikin waya

Ba a san shi sosai a tasha ba, kuma ya kamata a san shi. Yana aiki da taswirar OpenStreetMap, wadda jama'a ke zanawa da kansu. Kana sauke ƙasa ko babban yanki gaba ɗaya lokacin da ka samu intanet mai ƙarfi, daga nan ko ka cire layin wayar zai yi aiki. Na kyauta yana ba ka damar saukewa sau bakwai, in kana son ƙari ka biya kuɗi kaɗan. Ga mai zuwa Nijar, Kamaru ko Chadi, wannan ne amfaninsa na farko: ka sauke taswirar tun kana gida, ka bi Garwa zuwa Kusiri zuwa Njamena ba ka sayi layin kowa ba.

Yana da tsarin babbar mota, inda za ka sa tsayi, nauyi, faɗi da tsawo. Amma a tuna da maganar farko. Zai kauce wa gada ne kawai in wani ya taɓa rubuta tsayinta a taswirar, kuma a nan waɗanda aka rubuta kaɗan ne. Abin da ya fi burge ni da shi daban ne. Kana iya sa shi ya riƙa zana duk inda ka bi, ka adana, ka tura wa wani direba ya bi sawunka daidai. Kana iya dasa alama: nan akwai fakin mai tsaro, nan mai gyaran birkin iska, nan shingen da ba a wucewa da dare, nan gadar da doguwar kwantena ba ta shiga. Kamfani mai mota goma, in direbobinsa suka yi haka na wata shida, sun haɗa bayanin da babu kantin da ke sayar da irinsa. A karkarar arewa kuma taswirar ba ta da laifi, domin masu aikin rigakafin shan inna da masu agaji sun shigar da ƙauyuka da hanyoyin burji da yawa.

Wahalarsa ita ce koyo. Maɓallai sun yi yawa, neman wuri da suna bai kai na Google ba ko kusa, kuma babu labarin cunkoso. Wanda bai saba da waya ba, sai an zauna an saita masa.

Manhajojin biya: Sygic Truck da makamantansa

Sygic kamfanin ƙasar Silobakiya ne, kuma manhajarsa ta manyan motoci sananniya ce a wurin direbobin Turai. Taswira a cikin waya take zama, kana shigar da girman mota, yawan gatari da irin kayan haɗari, yana kuma lissafin lokaci da gudun babbar mota. TomTom ma na da irin wannan tsari a manhajarsa, a Amurka kuma akwai CoPilot da Trucker Path. Fuskarsu ta fi ta OsmAnd sauƙin karantawa, suna nuna layin da za ka riƙe kafin mararraba. Kuɗinsu ko dai lasisi ne na yanki ko biyan wata ko shekara, da katin banki mai iya biyan kuɗin waje, wanda shi kansa wani aiki ne ga mai katin naira.

A Jamus ko Italiya, wannan shi ne hanya mafi arha ta samun ainihin bayanan manyan motoci. A Najeriya kuwa kar ka biya sai ka gwada. Sygic na ba da 'yan kwanakin gwaji kyauta. Sauke taswirar inda kake aiki, ka sa tsayin mota mita biyar da nauyi tan sittin da gangan, sannan ka nemi hanyar da ta ratsa wata gadar ƙasa ko wani titi da ka san tirela ba ta bi. In ya kauce, akwai bayani a ciki. In ya miƙe da kai ta wurin, ka san abin da za ka saya ke nan: taswirar ƙaramar mota mai hoton tirela a kai.

Na'ura ta musamman: Garmin dēzl, TomTom GO Expert, Rand McNally

Su ne ake gani a bidiyon direbobin ƙasashen waje, manne a gilashi, kuma gaskiya kayan aiki ne. Garmin dēzl na zuwa da allo daga inci 6 zuwa 10. Na kasuwar Amurka ana rubuta masa OTR, na Turai LGV. Farashi a can daga wajen dala 350 na ƙarami zuwa wajen 900 na babba, kafin kuɗin kawowa da na kwastan. Allon na da haske ko da rana tsaka, murya na da ƙarfi, manyan suna da mariƙi mai maganaɗisu, taswira tana sabuntuwa ta Wi-Fi ba ƙarin kuɗi. In ba ka haɗa shi da waya ba, ba a kira a cikinsa, ba saƙon da zai faɗo ya rufe hanya daidai lokacin da kake neman kwana. Yana gargaɗi kan gajeriyar gada, gangare da kwana mai kaifi, yana nuna wuraren kwanan manyan motoci da sikelin awo, yana nuna hoton sama na inda za ka sauke kaya, yana ma taimaka maka tsara hutu. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne a can: a Turai doka ta ce bayan tuƙin awa huɗu da rabi sai ka huta minti 45, a Amurka kuma awa 11 ne iyakar tuƙi kafin dogon hutu.

TomTom GO Expert na kamfanin Holan ne, ya fi ƙarfi a Turai, an kuma san shi da kyawun labarin cunkoso. Rand McNally na Amurka da Kanada ne kawai, kar ma ka tsaya a kansa in ba can kake ba.

To, ka kawo dēzl OTR Kano ka kunna. Zai kama tauraro tsaf, ya san inda yake a doron ƙasa, amma taswirar da ke cikinsa ta Arewacin Amurka ce. Kamar ka ɗauko ɗan jagora ne daga Chicago ka ce ya shiga da kai Kantin Kwari. Ana iya sa masa taswirar Najeriya a katin memori, har da ta OpenStreetMap da ake samu kyauta, zai kuma nuna hanya. Sai dai gargaɗin gada, jerin wuraren fakin, sikeli, duk abin da ya sa ya yi tsada, ya tsaya a can. Ka biya kuɗin tayoyi biyu ko uku ka samu abin da OsmAnd ke ba ka a banza. Ga shi kuma wurin da aka turo maka ta WhatsApp sai ka kwafe lambobinsa ka shigar, ko ka tura ta manhajar kamfanin da ke waya. In allon ya fashe, masu gyaran waya na Farm Centre ko Computer Village ba su cika ajiye kayansa ba. Kuma abu ne mai ɗaukar ido: ka bar shi a gilashi ka shiga cin abinci a Ogere ko Mararrabar Jos, ka sayi gilashi ka sayi na'ura.

Wanda zai sayi na hannu ya kunna a gaban mai sayarwa, ya shiga jerin taswirori ya ga ƙasashen da ke ciki. Kar a tsaya kan abin da aka rubuta a kwali.

Masu arha marasa suna

Akwai na'urori masu inci bakwai da ake tallatawa a intanet, an rubuta musu "na babbar mota", kuɗinsu bai kai na waya mai kyau ba. Galibi taswirar ciki tsohuwa ce, ba a san ranar da za a sabunta ta ba, allon sai ka danna da ƙarfi, batirin ba ya riƙe wuta in an cire caja. Taswirar da ba ta san sabuwar gadar sama ko sabon baifas ba, ɓata za ta yi da kai. Ban ba kowa shawarar saye ba.

Tiraka ba jagora ba ce

Wannan ta mai mota ce. Ana ɓoye ta a jikin mota, tana da layin waya, tana aika inda motar take, gudunta, da inda ta tsaya. Wasu har da ma'aunin man tanki da kashe inji daga nesa. Akwai kuɗin sakawa, akwai na wata ko shekara. Ba ta nuna wa direba hanya, kuma inda babu sabis sai ta yi shiru, ta turo bayanin daga baya. Buƙata ce daban, kar a haɗa lissafinsu.

A taƙaice a tebur

| | Google Maps | OsmAnd | Sygic da irinsa | Garmin ko TomTom | Maras suna |
|---|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | data kawai | kyauta ko kaɗan | lasisi ko biyan wata | dala 350 zuwa 900 | ƙasa da kuɗin waya |
| Shigar da girman mota | babu | akwai | akwai | akwai | wasu |
| Amfanin hakan a yankinmu | babu | kaɗan | sai an gwada | kaɗan ƙwarai | babu tabbas |
| Amfaninsa a Turai da Amurka | babu | matsakaici | sosai | sosai | babu tabbas |
| Ba sabis | in an sauke yanki | cikakke | cikakke | cikakke | cikakke |
| Labarin cunkoso | mafi kyau a nan | babu | da data | ta hanyar waya | babu |
| Juriya | ta wayarka | ta wayarka | ta wayarka | mai kyau | rauni |
| Sauƙi | sosai | sai an koya | mai kyau | mai kyau | matsakaici |
| Babban haɗari | ya kai ka lungu | wuri ya ƙi samuwa | biyan abin da babu | asarar kuɗi, sata | tsohuwar taswira |

Abin da babu ɗayansu da ya sani

A watan Yunin 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye. A Oktoban 2022 ruwa ya shafe titin Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton Ƙarfe, tankoki suka yi kwanaki a jere har mai ya yi wuya a Abuja. A irin wannan hali waya za ta nuna maka ja, ta kuma ba ka zagaye, amma ba za ta ce maka zagayen laka ce da tirela uku suka riga suka kafe a ciki ba. Haka batun tsaro. Taswira na ganin Kaduna zuwa Birnin Gwari zuwa Tegina a matsayin gajeriyar hanyar kudu, kuma a lissafin kilomita gaskiyarta ne. Ko yau ana bi, ko sai da rakiya, ko ƙarfe nawa ake rufewa, wannan a bakin direban da ya fito daga can yanzu yake, da 'yan ƙungiya a tasha, da zaurukan WhatsApp na direbobi. Da ɗan gari akan ci gari. Shiga tashar Apapa ko Tin Can ma ba aikin GPS ba ne: tun Fabrairun 2021 sai da tikitin Eto, manhajar da ke tsara shigar manyan motoci tashar jirgin ruwa, shi ke faɗin garejin da za ka jira da lokacin da za ka taso.

Wa ya kamata ya sayi me

Direban da ke aiki a cikin Najeriya, ko tirela ko tanka ko motar shanu: ka sayi waya ta biyu, ka ware ta don hanya kawai. Android mai babban allo da ma'ajiya wadatacciya, ta dala 100 zuwa 150, ta isa. Ka sa Google Maps don cikin gari da cunkoso, ka sa OsmAnd don daji da ajiye alamominka. Dalilin waya ta biyu shi ne kar kiran oga ya katse maka hanya a kan shataletale, kuma in zafi ya kumbura batir ba wayar da ke ɗauke da asusun bankinka ba ce. Ragowar kuɗin ka sa a abu biyu da ake rainawa: caja da aka rubuta 12 zuwa 24 a jikinta, da mariƙi mai ɗauri ko mai ƙusa, ba mai tsotsar gilashi ba, wanda ramin farko a hanyar Lambata zai jefo shi ƙasa. Ka kafa wayar inda rana ba ta dukanta kai tsaye, in da hali kusa da iska, ka cire mata riga. Taɓa waya kana tuƙi laifi ne a wurin jami'an kiyaye haɗurra, don haka ka saita komai kafin ka tayar, sauran ka bar wa yaron mota.

Mai tsallaka iyaka, ko Maraɗi da Damagaram, ko Tema zuwa Paga, ko Duwala zuwa Njamena: OsmAnd ne a gaba, ka biya ɗan kuɗin da zai ba ka damar sauke ƙasashe da yawa. Google Maps sai ka sayi layin ƙasar.

Ɗan'uwa da ya samu aikin tuƙi a Turai: in kamfani bai ba ka na'ura ba, fara da Sygic ko manhajar TomTom a babbar waya, in ka zauna da gindinka ka sayi dēzl LGV ko GO Expert. A Amurka ko Kanada, dēzl OTR ko Rand McNally, tun ranar farko. Can kuskure ɗaya a ƙarƙashin gada, ko shiga titunan New York da aka hana manyan motoci, na iya cin lasisinka da aikinka. Inci bakwai ya wadatar da yawancin mutane. Na inci goma sai mai faffaɗan gilashi, don yana tare gani.

Mai motoci da yawa a gida: tiraka a kowace mota, waya ɗaya ta hanya a kowace mota, sannan ka sa mutum ɗaya a ofis ya riƙa karɓar alamomi da sawun hanyoyin da direbobi suka adana, ya haɗa su wuri ɗaya, ya tura wa kowa duk ƙarshen wata. Sabon direba da za a tura Obajana ko matatar Lekki karon farko sai a ɗora masa sawun wanda ya riga shi zuwa, har da ƙofar da ake shiga da inda ake jiran layi.